Faifan roba ko haɗe ƙashi: amsa ga mai ciwon wuya da ke sauka hannu

Tambaya: Likita, ni tela ne, shekarata 44. Wata biyar ke nan ina fama da ciwon wuya da ke bin kafaɗar dama har zuwa babban yatsa. Yatsan ya sage, wani lokaci ma almakashi na suɓucewa daga hannuna. Hoton MRI ya nuna faifan da ke tsakanin ƙashin wuya na biyar da na shida, wato C5 da C6, ya ɓullo ya danne jijiya. Wani likita ya ce a cire faifan a haɗe ƙasusuwan biyu. Wani mutum kuma da ke haɗa marasa lafiya da asibitocin Indiya ya ce wannan tsohon yayi ne, yanzu faifan roba ake dasawa, wuya ya koma sabo. Wanne zan bi? Sannan ina da yaya mai ciwon ƙugu na shekara da shekaru, shi ma aikin zai yi masa?

Amsa: Malam, Allah ya ba ka lafiya, ya ba yayanka.

Bari in fara da abin da mai kai mutane Indiya bai faɗa maka ba, wataƙila don shi ma bai sani ba. Ayyukan nan biyu da ake gwada maka kamar gabas da yamma, kusan kashi uku cikin huɗu na tafiyarsu hanya ɗaya ce. A duka biyun likita zai shiga ta gaban wuya, ya kwashe faifan da ya lalace, ya kankare duk wani tsiron ƙashi da ke tokare jijiya, har sai ya ga jijiyar ta samu sarari. Wannan sakin jijiyar shi ne ke kawar da raɗaɗin da ke sauka hannunka. Inda suka rabu kawai shi ne abin da za a cike gurbin da shi bayan an gama. Ɗaya zai sa wani ɗan akwati mai ɗauke da garin ƙashi, domin ƙashin sama da na ƙasa su haɗe su zama guda, kamar an yi musu walda. Ɗayan zai sa na'ura mai motsi. Idan an saki jijiyar da kyau, hannu zai huta ko da wanne aka sa. Idan ba a sake ta da kyau ba, ko faifan zinariya aka dasa, da ciwonka za ka farka.

Kafin mu kai ga zaɓi, ya kamata ka san abin da ya lalace. Ƙasusuwan gadon baya jere suke kamar an ɗora kwanuka: bakwai a wuya, 12 a bayan ƙirji, biyar a ƙugu, sai waɗanda suka haɗe a ƙasa. Tsakaninsu akwai faifai 23. Kowane faifai yana da ɓawo mai tauri na zare-zare, da kuma ciki mai laushi wanda yawancinsa ruwa ne. Shi ya sa mutum ya fi tsayi da safe fiye da yamma da kusan santimita ɗaya: faifan ya sha ruwa da dare, nauyin yini ya matse shi. Da shekaru suka ja, ruwan yana raguwa, ɓawon yana tsattsagewa, wata rana cikin ya sami kafa ya leƙo. A bayan faifan kuwa laka take, da jijiyoyin da ke fita daga gare ta ta wasu ƙananan ramuka. Jijiyar da ke fita a tsakanin C5 da C6 ita ce ke kai ji ga babban yatsa da ɗan'ali, ita ke taimaka wa ƙwanji da ɗaga wuyan hannu. To ka ga labarinka da hotonka sun yi daidai, kuma wannan abu ne mai muhimmanci ƙwarai, domin sau da yawa ba sa yin daidai. Wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da ba abin da ke musu ciwo, ya sami alamun lalacewar faifai a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 96 cikin 100 na 'yan shekara 80. Wato in aka tara telolin Kantin Kwari masu lafiya lau aka sa su a injin MRI, da yawansu za su fito da takarda mai tayar da hankali. Ba hoto ake yi wa tiyata ba, mai ciwo ake yi wa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka ba ciwon ba ne, almakashin nan ne da ke suɓucewa. Yana iya zama sagewar yatsa ce kawai ta sa ba ka jin riƙon. Yana iya zama raunin tsoka saboda jijiyar ta daɗe a danne. Amma yana iya zama laka ce kanta ta fara matsuwa, kuma wannan wani babi ne daban. Ka gwada kanka da abubuwan sana'arka. Zura zare a allura ya fara gagararka, alhali idonka na gani? Ɓalle maɓallin riga fa? Rubutunka a littafin awo ya canza? Ɗaya hannun ma ya fara sagewa? Kana jin ƙafafunka sun yi nauyi, ko kana tangaɗi in ka miƙe daga sujada, ko silifas na fita daga ƙafarka ba ka sani ba? In ka sunkuyar da kai kana jin wani abu kamar shokin ya bi bayanka? Idan ko ɗaya daga cikin waɗannan ya same ka, to ba ka da lokacin doguwar shawara, ka koma wurin likitan tiyatar jijiya ko na ƙashin baya cikin kwanakin nan. Laka ba ta yafiya kamar jijiyar hannu. Abin da ta rasa ba lalle ya dawo duka ba, aikin da ake yi mata galibi don a tsayar da ɓarnar ne inda ta kai.

Akwai kuma wani mai kwaikwayo da nake yawan kamawa a wurin teloli, masu saƙa da masu kitso: jijiyar da ke matsewa a wuyan hannu. Ita ma tana sage babban yatsa da ɗan'ali, tana tashin mutum da dare yana yarfe hannu. Mutum na iya samun duka biyun a lokaci guda. Gwajin gudun saƙo a jijiya shi ke raba gardama. Abin takaici ne a yanka wuyan mutum ya tashi yatsansa na nan a sage, don matsalar tana can ƙasa kusa da agogonsa.

Idan babu alamar laka, kuma ƙarfin hannu ba raguwa yake yi ba, tambaya ta gaba ita ce: an yi maka magani na gaskiya cikin watannin nan biyar? Mafi yawan masu irin ciwonka suna samun sauƙi ba tare da wuƙa ba, cikin mako shida zuwa 12, domin jiki da kansa yana tsotse abin da ya ɓullo daga faifan a hankali. Maganin gaskiya kuwa shi ne gashin ƙashi a hannun wanda ya karanta shi, maganin rage kumburi na ɗan lokaci, maganin zogin jijiya in likita ya ga dacewa, wani lokaci allura kusa da jijiyar da ake yi ana kallon hoto, da kuma gyara yadda kake zama. Kai da kake yini kanka a sunkuye kan keke, ka ɗaga teburin ko ka rage kujerar, ka ƙara haske a kan allura don kada ka riƙa miƙa wuya kamar zalɓe, ka miƙe duk bayan rabin awa. Abin da ba na kira magani shi ne haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis, wanda sau da yawa akwai Dexamethasone a ciki. Yana sa mutum ya ji garau kwana biyu, yana kuma cinye ƙashi a ɓoye, ga suga ga hawan jini. Ka riƙe wannan, domin raunin ƙashi na daga cikin manyan abubuwan da ke hana a dasa wa mutum faifan roba. Diclofenac na wata da watanni shi ma ƙoda da ciki ke biyan kuɗinsa. Sannan kada ka bari kowa, ko wanzami ko mai ɗori ko mai tausa, ya murɗe maka wuya har ya yi ƙara.

To a ce an yi duk wannan, wata biyar sun wuce, ciwo ya hana barci ya hana ɗinki. Nan tiyata ta halatta, kuma nan tambayarka ta zo.

Haɗe ƙashi tsohon aiki ne, wannan gaskiya ne, amma tsufansa ba aibi ba ne. Likitocin Amurka, Smith da Robinson da kuma Cloward, su suka bayyana shi a shekarun 1950, kuma har gobe shi ne ma'aunin da ake gwada kowane sabon aiki da shi. A takardar likita za ka ga an rubuta shi ACDF. Mutane na jin "haɗewa" sai su zaci za su koma kamar an sa musu sanda a wuya. Ba haka ba ne. Kusan rabin juyawar kai dama da hagu daga gaɓar C1 da C2 take fitowa, can sama kusa da ƙeya, inda babu ma faifai ko kaɗan. Wanda aka haɗe wa C5 da C6 zai yi sallama a sallah dama da hagu ba wanda zai lura. Tiger Woods, ɗan wasan golf, an haɗe masa gaɓar ƙarshe ta ƙugu a 2017, ya zo ya ci gasar Masters a 2019. Matsalar da ake jin tsoro ita ce ta maƙwabta. Idan gaɓa ɗaya ta daina motsi, ta sama da ta ƙasa su ke ɗaukar aikinta. Wani sanannen bincike na Hilibrand da abokan aikinsa a 1999 ya nuna cewa kusan kashi uku cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin suna samun sabon ciwo daga gaɓar maƙwabciya a kowace shekara, wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu a shekara goma. Sai dai har yanzu likitoci na gardama: haɗewar ce ta jawo, ko kuwa dama wuyan da faifai ɗaya ya lalace a cikinsa sauran ma suna kan hanya? Ni ina ganin duka biyun suna da hannu, kuma kason halitta ya fi yadda masu tallar na'ura ke so a sani.

Wannan tsoron ne ya haifi faifan roba. Sunan ma aro ne, kamar yadda muke cewa ƙafar roba. Yawancinsa ƙarfe ne. Faranti biyu ne, na sama da na ƙasa, na haɗin kobal da kuromiyam ko na taitaniyam, an yi wa bayansu kaushi don ƙashi ya kama su, a tsakiya kuma akwai wata roba mai tsananin tauri da suke zamewa a kanta. Wasu sababbin ƙira suna amfani da tangaran a tsakiya. In kana so ka hango shi, ka tuna boris. Kuma nan ne kalmar "wuya ya koma sabo" ta faɗi, domin faifan da Allah ya halitta boris ne kuma shokozoba ne a lokaci guda, yana lanƙwasa yana kuma shan jijjiga. Mafi yawan na roba motsin kawai suke kwaikwaya.

Tarihinsa ya fi yadda ake zato tsawo, kuma ba duka ne mai daɗi ba. Wani likita ɗan Suwidin, Ulf Fernström, ya riƙa cusa ƙwallon ƙarfe a gurbin faifai tun wajen shekarun 1960; da yawa daga cikin ƙwallayen suka nutse cikin ƙashi, aka watsar da dabarar. Na zamani ya faro ne a asibitin Charité da ke Barlin ta Gabas, inda Kurt Schellnack da Karin Büttner-Janz suka ƙera na ƙugu, aka fara dasa shi a 1984. Ita Karin kafin ta zama likita 'yar wasan alkafura ce, ta ci lambobin zinariya biyu a gasar Olamfik ta 1972 a Munik. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da faifan nasu ba sai 2004, daga baya kuma aka daina sayar da shi. Wani na ƙugu mai suna ProDisc-L, wanda Thierry Marnay na Faransa ya ƙirƙira, ya samu amincewa a 2006. Na wuya sun biyo baya: Prestige da ProDisc-C a 2007, Bryan a 2009, sai Mobi-C a 2013, wanda shi ne na farko da aka yarda a sa a gaɓa biyu a jere. Ka ga ke nan na wuya bai cika shekara 20 da samun izini a Amurka ba. Kai kuma shekararka 44. In Allah ya ja kwana, na'urar za ta yi shekara 30 ko 40 tana gogayya a wuyanka, kuma babu wani likita a duniya da ya bi dubban marasa lafiya na tsawon wannan lokaci.

Me bincike ya nuna? Manyan gwaje-gwajen da aka yi a Amurka, waɗanda aka bi marasa lafiya shekara bakwai zuwa goma, sun nuna faifan roba a wuya bai gaza haɗe ƙashi ba wajen kawar da ciwon hannu, kuma waɗanda aka dasa musu sun fi ƙarancin komawa tiyata ta biyu, musamman in gaɓa biyu aka yi. Wannan sakamako ne na gaske, ba na raina shi. Amma kamfanonin da ke ƙera na'urorin su suka ɗauki nauyin mafi yawan gwaje-gwajen, kuma an tace waɗanda aka shigar tsaf, an zaɓi masu wuya mai kyau. Da likitocin Nowe, Suwidin da Holan suka yi nasu gwajin, ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin ayyukan biyu ba. Abin da na ɗauka daga duka shi ne: ga mutumin da ya dace, faifan roba a wuya aiki ne mai kyau, wataƙila ya ɗan ɗara. Ga wanda bai dace ba, ya fi haɗe ƙashi muni nesa ba kusa ba. Ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara Jack Eichel ya yi ta rigima da kulob ɗinsa na Buffalo a 2021 saboda yana son faifan roba su kuma likitocinsu sun ƙi. Sai da aka sayar da shi ga kulob ɗin Vegas aka yi masa, ya koma wasa har suka ci kofin Stanley a 2023. Masu talla na son wannan labari. Abin da ba sa ƙarawa shi ne saurayi ne ɗan shekara 25 mai faifai ɗaya da ya fashe, sauran wuyansa kuwa garau.

To wane ne ya dace? Wanda ciwonsa na hannu ne fiye da na wuya, gaɓa ɗaya ko biyu suka taɓu, faifan bai lotse ƙwarai ba, gaɓar tana motsi har yanzu, ƙashinsa na da ƙwari. Sai kuma wani abu da ba a cika gaya wa marasa lafiya ba. Kowace gaɓa ta gadon baya kamar murhu ce mai duwatsu uku: faifai a gaba, ƙananan mahaɗai biyu a baya. Faifan roba dutse ɗaya kawai yake canzawa. Idan mahaɗan nan na baya sun riga sun cinye, to ci gaba da motsa gaɓar ci gaba da ciwo ne, haɗewa ce za ta hutar da su. Haka wanda ƙashinsa ke zamewa gaba da baya in ya sunkuya, wanda wuyansa ya karkata gaba, mai ƙashi mai rauni, mai sanyin gaɓoɓi irin na garkuwar jiki, wanda jikinsa ba ya shiri da ƙarfe kamar nikel, da wanda ke da ƙwayar cuta ko ƙari a wurin: duk waɗannan ba nasu ba ne. Shi ya sa MRI kaɗai bai isa a yanke hukunci ba. Ana buƙatar eksire na wuya a sunkuye da kuma a ɗage, sau da yawa da hoton CT don a ga mahaɗan baya da tsiron ƙashi, da awon ƙwarin ƙashi ga wanda ake shakka a kansa. Duk wanda ya ce maka ka dace da faifan roba daga ganin takardar MRI a WhatsApp, bai san amsar ba tukuna, ya dai san farashi.

Batun ƙwayar cuta ina so in ɗan tsaya a kansa, don a ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma muna ganinsa a asibitocinmu fiye da yadda likitan Turai zai gani a duk rayuwar aikinsa. An taɓa kawo mini wani magidanci da 'yan'uwansa sun riga sun sayar da fili, an yi masa biza, an ce faifai za a canza masa a waje. Ina duba shi na ga wandonsa ya yi masa yawa, ya ƙara huda bel. Na tambayi matarsa, ta ce kullum da dare sai ta canza zanin gado saboda gumi. Hoton da suka riƙo ma yana nuna ƙashin da ke gefen faifan ya fara cinyewa. Tibi ce. Maganinta kyauta ake bayarwa, ya sha na watanni, ya miƙe. Filin dai ya tafi. Saboda haka ciwon baya ko wuya da ya zo da rama, zazzaɓin yamma, gumin dare, ko ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, a fara neman dalilinsa kafin a yi maganar na'ura.

Yadda aikin yake kuwa, mutane kan yi mamaki: ciwo a ƙeya, yanka a gaba. Ana yin ɗan tsagi mai tsawon gaɓar yatsa biyu a cikin layin fatar wuya, a ture maƙogwaro da hanyar abinci gefe guda, babbar jijiyar jini ɗaya gefen, sai ga gaban ƙashin. Ba a yanka tsokar baya ko kaɗan, shi ya sa ake saurin tashi. Bayan an saki jijiya, ana gwada girman na'urar, a buga ta a hankali ana kallon eksire kai tsaye, domin dole ta zauna a tsakiya cif. Kuskuren 'yan milimita kaɗan ya isa ya sa ta riƙa aiki a karkace shekara da shekaru. Awa ɗaya zuwa biyu an gama, mutum ya taka a ranar ko washegari, ya koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Za ka ji haɗiya na yi maka wuya na 'yan kwanaki ko makonni, sai ka lallaɓa da kunu da fate. Murya kan dishe, yawanci ta dawo, kaɗan ne tasu ke daɗewa. Raɗaɗin hannu shi ke fara tafiya, sau da yawa tun a gadon asibiti. Ƙarfi na biyo baya. Sagewa ita ce 'yar auta, tana iya ɗaukar watanni, wani lokaci ta bar saura. Waɗannan duka ayyukan biyu sun yi tarayya a cikinsu, haka ma haɗarin zubar jini, ƙwayar cuta da taɓa laka, wanda ba kasafai ba ne amma yana faruwa.

Faifan roba yana da nasa haɗarin na kansa. Wanda ya fi yawa abin dariya ne in ba a jikinka ba: jiki kan fitar da sabon ƙashi ya zagaye na'urar har ta daina motsi, mutum ya biya kuɗin boris ya tashi da walda. Sau da yawa ba ya jin komai, amma dalilin ƙarin kuɗin ya tafi. Shi ya sa likitoci da dama ke ba da maganin rage kumburi na 'yan makonni bayan aikin, akasin haɗe ƙashi inda ake gudunsa. Na'urar na iya nutsewa cikin ƙashi, tana iya gocewa, kuma garin da ke fita daga gogayyarta na iya sa ƙashin gefenta ya riƙa narkewa bayan shekaru ba tare da wata alama ba. Wannan na ƙarshen shi ne dalilin da ya sa mai faifan roba yake buƙatar eksire lokaci-lokaci har iya rayuwarsa. Haɗe ƙashi kuwa babbar matsalarsa ita ce ƙashin ya ƙi kamawa, kuma taba sigari ce kan gaba wajen jawo hakan. Amma in ya kama, ya kama ke nan.

Game da yayanka, amsar ta fi gajarta kuma ta fi kaushi. Ƙugu ba wuya ba ne. Idan ciwonsa na sauka ƙafa saboda faifai ya danne jijiya, aikin da aka saba yi ƙarami ne, ta baya, a cire guntun da ya ɓullo kawai, ba a dasa komai. Faifan roba a ƙugu ana yin sa ne don ciwon bayan kansa, ga wanda aka tabbatar faifai ɗaya ne tushen ciwon, kuma tabbatar da hakan abu ne mai wahala, domin ciwon ƙugu na shekaru ba kasafai yake da uwa ɗaya ba. Ta ciki ake shiga, a ɗage manyan hanyoyin jinin da ke zuwa ƙafafu, har akan gayyaci likitan tiyatar jijiyoyin jini ya buɗe hanya. A namiji akwai wasu siraran jijiyoyi a wurin waɗanda in aka taɓa su maniyyi zai riƙa komawa mafitsara, wanda ke nufin matsalar haihuwa. Duk mai son ƙarin 'ya'ya dole a faɗa masa wannan ƙarara kafin ya sa hannu. In kuma na'urar ta samu matsala, komawa a ciro ta ta cikin tabon da ya manne da hanyoyin jini na daga cikin ayyuka mafi haɗari a fagenmu. A Nowe an kwatanta aikin da tsarin motsa jiki da horo na musamman, aka buga sakamakon a 2011: masu tiyata sun ɗan fi samun sauƙi, amma tazarar ba ta kai yadda masu binciken suka sa a matsayin mai ma'ana ba. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, a ƙa'idarta ta 2016, cewa ta yi kada a yi wa masu ciwon ƙugu dashen faifai. Akwai ƙwararrun da ba su yarda da ita ba, kuma akwai marasa lafiya ƙalilan da ya yi musu rana, amma ba zan tura yayanka wannan hanya daga jin labari ba. Abu ɗaya da zai sa ya tafi asibiti a daren, ba da safe ba: fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba bai sani ba, bayan gida ya kufce, ko ya ji tsakanin cinyoyinsa ya mutu lokacin tsarki, ko ƙafafu biyu su yi rauni.

Kai kuma, ga abin da zan yi da ni ne kai. Zan ɗauki faifan CD na hoton, ba takardar rahoto kawai ba, in kai wa likita na biyu ya duba ni da hannunsa: ya gwada ƙarfin ƙwanji, ya buga gwiwa da guduma, ya sa ni in yi tafiya a gabansa. Akwai masu wannan ilimi a asibitin ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Aminu Kano, da Shika a Zariya, da asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Zan tambaye shi yadda mahaɗan bayana suke, da ko gaɓar na motsi. Duk likitan da ya ce zai dasa, a gida ko a waje, zan tambaye shi guda nawa ya taɓa sawa, wace ƙira zai sa kuma shekara nawa aka yi ana bin ta, da abin da zai yi in ya buɗe ya ga wurin bai dace ba. Amsar da nake so in ji ita ce zai koma haɗewa nan take, kuma kayan haɗewar na kan tebur. Na'urar da dala ake sayo ta, ta fi ɗan akwatin haɗewa tsada, don haka a rubuta maka kuɗin kowanne daban.

In ka zaɓi fita waje, ka san cewa wanda ya haɗa ka da asibiti yawanci yana da kamasho a kan aikin, kuma aikinsa ya ƙare ran da jirginka ya sauka. Tun kafin ka tafi ka samu likita a nan da ya yarda zai riƙa duba ka. Kada ka baro can sai da rahoton tiyata, hotunan bayan aiki, da katin na'urar mai ɗauke da sunanta, girmanta da lambarta. Na sha ganin wanda ya dawo da ƙarfe a wuya bai san sunansa ba, mu tsaya gaban eksire muna canki-canka, mai injin MRI kuma ya ƙi sa shi a ciki don ba shi da tabbacin irin ƙarfen.

A yadda ka kwatanta kanka, shekara 44, gaɓa ɗaya, ciwon hannu da ya dace da hoto, kana iya kasancewa cikin waɗanda faifan roba ya dace da su, in sauran hotunan sun yarda kuma ba ka daɗe kana shan haɗin kemis ba. In kuma suka nuna akasin haka, ka yarda a haɗe, ba a rage ka da komai ba. Ko wanne aka yi, ka ba keken ɗinki hutun mako huɗu zuwa shida, ko yadda likitanka ya ce, kuma kada ka karɓi ɗinkin sallah a wannan tsakanin.